Ni Na Rubuta Sunayen da Aka Kai Bencin Baya

Shekarata goma sha tara a lokacin, na gama sakandare, ni ke rubuta sanarwar cocinmu a Sakkwato. Ba ni da haƙuri, bakina kuma ba linzami. Idan dattawan coci suka ce abu ba daidai ba ne, to ni a wurina an gama magana.

Akwai wata gwauruwa mai ɗinki a unguwar Gidan Dare, muna ce mata Mama. Kowace Laraba da yamma mata uku ko huɗu kan taru a tsakar gidanta su yi addu'a. Da wata mata da ta daɗe a kwance ta tashi bayan sun yi mata addu'a, sai gidan ya cika, har ana shimfiɗa tabarma a zaure. Addu'ar Laraba ta coci kuwa ta koma mutum bakwai. Wani dattijo ya kira ni ofis, ya ce ana ɓatar da tumaki, wato masu bi, in je in zauna kamar mai addu'a, in kawo sunan duk wanda na gani. Ban ko tambayi abin da za a yi da sunayen ba.

Na je. Mama ta matsa mini a tabarmarta, ta ce 'yata zauna kusa, zafi ya yi yawa a baya. Ban ji ta faɗi wani abin banza ba, ba ta karɓi komai a hannun kowa ba, har cewa ta yi kada wadda ta fasa zuwa asibiti. Idanunsu a rufe suke, nawa a buɗe, ina rubutu a bayan littafin waƙa. Sai na hangi mahaifiyata durƙushe a lungu. Hannuna ya tsaya, amma na rubuta ta, wai ni mai gaskiya.

Ranar Lahadi aka karanta sunaye goma sha ɗaya daga rubutun hannuna. Aka sa su a horo, wato zaman bencin baya, babu cin Jibin Ubangiji, gurasar tarayyar masu bi, wata shida. Ina cikin mawaƙa ina kallon mahaifiyata ta ɗauki jakarta ta taka har baya. A gida ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi ta ga ina rubutu, kuma ciwon ƙirjin da nake fama da shi ne ya kai ta gidan, nema mini addu'a ta je.

Kafin horon ya ƙare Mama ta sayar da keken ɗinkinta ta koma garinsu. Ban nemi gafararta ba, girman kai ya hana ni.

Na sha karanta yadda manyan firistoci suka tsorata da jama'a suka fara bin Yesu, ban taɓa zaton zan zama mai kai musu rahoto ba. Ban ce a raina dattawa ba. Amma 'yan'uwa, idan an aike ku ƙirga masu addu'a, ku tambaya ko koyarwa ake karewa ko kujeru. Ni yanzu a bencin baya nake zama, ba wanda ya sa ni.