Malam Manniru da ɓerayensa masu barci

Kafin ma'aikatan da ke zaune a unguwar Kubwa su gama kokawar shiga mota, Malam Manniru ya riga ya iso daga ƙauyen Paikon Kore, ya zura farar rigarsa, ya shiga ɗakin dabbobi na cibiyar binciken magunguna inda yake aiki. Wallahi sallama yake wa ɓerayen gwajin da ke ciki! Ya share keji, ya canza ruwa, ya duba wanda bai ci abinci ba. Abokan aiki na tsokanarsa da Sarkin Ɓeraye, shi kuwa ya ce sarautarsa ta fi daɗi, don talakawansa ba sa kai ƙara.

Shi ke riƙe dabba a yi mata allurar barci, a ɗebi jininta, masana su auna abin da maganin da ake gwadawa ya yi wa jini da hanta da ƙoda. Dabbar da aka sa barci jikinta kan yi sanyi, shi ya sa ake kwantar da ita ƙarƙashin fitila mai ɗumi har ta farfaɗo.

Nafeesa, wadda ta yi binciken digirinta na uku a can, har yau in ta tuna wata ranar damina sai ta yi dariya har da ƙwalla. An gama yi wa ɓerayenta allura ke nan wuta ta ɗauke, janareta kuma ya ce bai san zancen ba. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. In sanyi ya kama su, sakamakon jinin ya gurɓace, wasu ma ba za su tashi ba, wahalarta ta shekaru ta tafi a banza.

"Baba, na shiga uku!" in ji ta.

"Ke dai tsaya a kansu, Dakta. Ina zuwa."

Ya faɗa cikin ruwan nan sai rumfar Christiana mai abinci, ya juye ruwan zafinta a kwalaben lemo, ya naɗe su da tsummoki, ya jera ɓeraye a jikinsu. Ɗan ƙaraminsu bai samu wuri ba, sai Malam ya cire hularsa ya saka shi ciki ya rungume a ƙirji.

Christiana ta biyo shi tana bambami: "Oga, ruwan tuwona ka kwashe wa ɓera?" Da ta leƙa ta gani, da kanta ta koma ta ɗora wata tukunyar. Duk suka farfaɗo, Nafeesa ta ɗebi jininta lafiya lau. Ma'aikata ne dai ba su ci tuwon rana ba.

A watan nan za ka ajiye aiki, Malam. Kai ne mai tattausan hannu, kai ne wanda bai taɓa raina rai don ƙanƙantarsa ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu mai albarka. Masu tasowa, ku yi koyi da shi. Mu kuwa masu shan magani muna warkewa, mu tuna akwai wata 'yar halitta da ta fara ɗanɗana mana, akwai kuma dattijon da ya tsaya jiƙe sharkaf yana jira ta buɗe ido.