Amya Bakwai, Rukuni Uku

Litinin: Bakura zuwa Talata Mafara

Ƙarfe biyar da kwata, ana sallame sallar asuba, na rataya jakata na bar gidanmu na Bakura. Shekarun ginin dam ɗin Bakolori ne, lokacin da duk wanda ya iya riƙe biro ya zama malami. Ni ɗan mahauta ne da ya gama firamare, sai aka ɗauke ni aikin kwana huɗu: in je wani ƙauye kusa da Maradun da ruwa zai ci, in rubuta duk abin da mutanensa suka mallaka, don a san motocin da za su kwashe su zuwa sabon matsuguni.

Na sami a-kori-kura a bakin kasuwa, sule uku zuwa Mafara. Mu goma sha ɗaya ne a baya, ga buhunan albasa, ga wani bunsuru da ya ƙi jinina tun kallon farko. Tafiyar ba ta kai mil ashirin ba, amma sai bakwai da rabi muka isa, don sau biyu muna sauka muna turi.

A ofishin kamfanin dam na tarar da Malam Garba, shugaban masu rubutu, gajeren mutum mai biro uku a aljihu. Ya shimfiɗa mini takarda a kan tebur.

"Duba nan. Rukuni ukku na: Mutane, Dabbobi, Kaya. Kowane rukuni da sashe nai, kowane sashe da layi, kowane layi da lamba. Mutane su hau mota, kaya su hau tipa, dabbobi a kora su da ƙahwa. Abin da bai shiga jeri ba, ba shi shiga mota."

"Ranka shi daɗe, in abu bai dace da ko guda ba, in sa 'da sauransu'?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wanda duk yar rubuta mani 'da sauransu', gidan ubanai za shi koma."

Ban ji ko ɗar ba. Mu a gidanmu da rarraba muka tashi: tsoka gefe, kitse gefe, kayan ciki gefe, har kofato yana da mai saye. A ganina babu abin da Allah ya halitta da zai rasa gurbi a takarda. Na kwana gidan kawuna, aka cika ni da tuwon dawa da balangu.

Talata: Mafara zuwa ƙauye

Shida da rabi Landirobar kamfani ta ɗauke mu, mu masu rubutu. Muka ratsa ta wurin aikin dam, katafiloli na ture ƙasa, muka shiga Maradun ƙarfe takwas. Daga nan tafiyar ƙasa ce, mil biyu. Mai gari ya sauke ni a zaurensa, muka yi gaisuwar da ta ci kwanon fura guda kafin ta ƙare.

Aiki ya fara kamar wasa. Turmi da taɓarya, kayan girki. Galma da lauje, kayan sana'a. Jaki, dabbobi, sashen masu ɗaukar kaya. Sai da na zo gidan wata tsohuwa da kazarta ke kwanci a kan ƙwai tara na fara gumi. Na ce kaza dabba ce, ƙwai kuwa kaya.

"To, malam," in ji ta, "ƙwai su hau tipa, uwassu ta bi su da ƙahwa? Wa za shi kwanta musu, kai?"

Na rubuta "kwando ɗaya" a sashen kayan ɗaki, ban faɗi abin da ke ciki ba. Na ji daɗin wayona ƙwarai, kuma wannan wayon ne ya ja mini abin da ya biyo baya.

Laraba: gidan Baba Ige

Gida na ƙarshe a jerin na Baba Ige ne, tsoho mai sayar da zuma. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse. Tabarma, buta, tukunya: layi uku na gama da shi. Ina rufe biro ya ja ni bayan ɗaki, ya nuna mini saman wata ɗorowa. Amya bakwai ne a kan rassa, dogayen kwandunan nan da ake shafe wa kashin shanu ƙudan zuma su zauna ciki.

"Waɗanga hwa?"

Na buɗe rukunin Dabbobi. Takarda na son a faɗi guda nawa, maza nawa, mata nawa.

"Ga icce nan, hau ka ƙidaya," in ji shi.

"Baba, kuma dabbobi da ƙafa ake kora su."

"Madalla. A ba ka sanda ka shige gaba."

Na leƙa rukunin Mutane, can kuma suna da shekaru ake nema. Na ce masa gaskiya, ƙudan zuma ba su da gurbi. Bai yi faɗa ba. Ya zauna a gindin itacen ya ce, "Shekara arba'in su ka ci da ni. In ba su tahi ba, ni ma ban tahiya. Ruwa shi ishe mu tare." Yadda ya faɗe ta a sanyaye ne ya tsorata ni, don na ga ba barazana yake yi ba.

Na sake ɗaga kai na dubi amyar nan. Doguwa, zagayayya, baki biyu a rufe. Na koma rukunin Kaya, sashen kayan sana'a, layi na huɗu, na rubuta da kyakkyawan rubutuna: "Ganga, guda bakwai."

Alhamis: shinge

Tun kafin rana ta fito Baba Ige ya yi musu hayaƙi, ya toshe bakin kowace amya da laka, ya bar 'yan ƙofofin iska, ya naɗe su da tsofaffin buhuna. Bakwai daidai tipa ta zo. Direba, wani dogo mai suna Sani, ya tsaya ya kasa kunne.

"Mi ka ƙugi haka?"

"Injinka na," in ji Baba, ya haye saman kaya abinsa.

Mil huɗu muka yi lafiya lau, sai ga shingen kamfani. Mai gadin wurin mutum ne mai son aikinsa. Ya karɓi takarda ya hau tipa yana bin ta layi-layi: turmi, ga turmi, kwando, ga kwando. Da ya zo layi na huɗu sai fuskarsa ta washe.

"Ganga bakwai! Ashe tsoho makaɗi na? Ni ma gidanmu kiɗi muka yi!"

Ya jawo amyar da ke sama, ya rungume ta a hammata, ya sakar mata tafi uku masu kyau. A na huɗu laka ta faɗo.

Ban san mutum mai takalmin soja yana iya dirowa daga tipa ya wuce keke a guje ba sai ranar. Sani ya shige ƙarƙashin mota yana salati. Ni na kifa fayil a ka na nufi gonar gero, amma ƙudan suka cim mini, ɗaya a leɓe, biyu a fatar ido. Kazar tsohuwa kaɗai ce ba ta motsa daga kan ƙwanta ba, sai Baba Ige, wanda ya zauna a tsakiyarsu yana kallon taronsa guda ya tashi sama ya yi gabas.

Bayan rabin awa mai gadi ya dawo, ido ɗaya a rufe. Bai tambayi komai ba. Ya ce dai a gyara takarda ta dace da kaya. Na soke bakwai na sa shida, don wadda ya yasar ta farfashe, ya sa hannu daga nesa, ya ɗaga shinge.

Sha ɗaya saura muka isa sabon matsuguni. Gidaje layi-layi, kowanne da lambarsa a ƙofa, tsaf kamar takardata. Mutane suka shiga sauke kaya. Baba Ige ya sauko ya duba gabas, ya duba yamma. Katafila ta share wurin ƙal, ko geza ba ta bari ba.

"Malam, ina icce?"

Wallahi sai na sami kaina ina duba takarda, kamar zan gan shi a wani layi. Amya ba ta zama a ƙasa: in rana ba ta narkar da saƙar ba, cinnaka za su gama da ita. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na kawo tsoho da amyarsa daidai lamba, kuma ban kawo su ko'ina ba.

Na ce, "Baba, gonarmu ta Bakura akwai ɗorowa uku da tsamiya."

Ya juyo ya ce, "Da ruwa kusa?"

"Fadama na nan ƙasa kaɗan."

"To, mu tahi tun ba su mutu ba."

Komawa gida

Sani ya yarda ya kai mu Mafara, da sharaɗin kowa ya riƙe hannunsa. Na miƙa wa Malam Garba takardu, ya bi su da biro, bai sami "da sauransu" ko ɗaya ba, ya ce a yi koyi da ni. A tasha kuwa fasinja na ganin fuskata da buhunan da ke ƙugi suka ce su ba sa sauri. Mu biyu muka hau bayan a-kori-kura, muka shiga Bakura ana kiran la'asar.

Mahaifina ya dube ni ya ce, "An aike ka rubutu, ka komo da leɓen raƙumi." Amma da ya ji zancen, shi ya ɗauko igiya da kansa. Baba Ige, da tsufansa, ya hau ɗorowa ya ɗaure amya shida, ya ɓare lakar, ya sauko.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni gida da ido biyu, ko da yake ɗaya ya kwana uku bai buɗe ba. Na gode wa mai gari da furarsa, da Sani direba. Mai gadi kuwa, in yana raye, ya yafe mini.

Washegari da safe na raka Baba Ige gona kafin ya hau mota. Mahaifina ya yi ya yi da shi ya zauna tare da mu, ya ce a'a, mutanensa na can. Ya tsaya a gindin ɗorowa, buta a hannu, yana kallon ƙudan suna fita suna komowa da ƙafafu rawaya.

"Su kam sun samu gari, ɗana," in ji shi. "Saura ni."