Ni Na Kai wa Mahaifina Gem a Gadon Jinya

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ni ne auta a gidanmu da ke Kurfi, kuma ni ne abin kunyar gidan. Yayyena duk hatsi suke saye da sayarwa kamar mahaifinmu, ni kuwa na buɗe gidan gem a Dutsin-Ma, ɗalibai suna zuwa suna buga ƙwallo da tseren mota a talabijin. Baba bai taɓa taka ƙofar shagon ba. In aka tambaye shi sana'ata sai ya ce ina harkar lantarki, ya canja zance.

Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi ta dama. Baki ya dawo a hankali, ƙafa ma ta ɗan saki, amma hannu ya ƙi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne abinci. Ya rantse ba zai ci da hagu ba, dole sai dai Hajiyarmu ta ba shi a baki, kuma duk lomar da ta miƙa sai ya kawar da kai kafin ya karɓa. Likitan gashin ƙashi, mai motsa gaɓoɓi, ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, Baba ya ce shi ba jinjiri ba ne, ya tura shi ƙarƙashin gado.

Da yake a wurin 'yan gidanmu ni ne marar aikin yi, ni aka bar wa jinya. Na ɗauko na'ura ɗaya daga shago na haɗa a ɗakinsa don rage zaman shiru. Wata rana da la'asar ina tseren mota sai na ji ya yi tsaki, ya ce wanda ya ba ni lasin ya cuci al'umma, wane direba ne ke shan kwana bai rage wuta ba. Kafin ya shiga harkar hatsi ya daɗe yana tuƙa babbar mota. Cikin tsokana na ɗora masa abin dannawar a cinya, na ce to Baba a nuna mini. Hagu ke juya sitiyari, amma wutar motar a dama take, sai na kama yatsansa na aza masa a wurin. Ranar bai yi komai ba ban da karo da katanga. Washegari shi ya tambaya. A hankali yatsan nan da muka fid da rai da shi ya fara dannawa da kansa, kuma da na faɗa wa likitan ya ce kada mu kuskura mu daina.

Masu dubiya ne suka jawo mana. Kun san mutanenmu, in sun zo duba marar lafiya so suke su tarar da shi kwance, yana amsa da sauƙi cikin ƙaramar murya. Wasu abokan kasuwancinsa daga Dabawa suka yi sallama, suka tarar da Alhaji yana daka wa motar talabijin tsawa ta ba shi hanya. Kafin kasuwa ta sake ci labari ya zaga cewa Alhaji ya ruɗe, auta ya mayar da shi yaro. Babban yayanmu ya kira ni ya wanke ni tas, ya ce mutumin da ya kamata ya riƙe carbi na ba shi kayan wasa, na zubar mana da mutunci a gari. Na ce masa Baba ba ya fashin salla, carbinsa kuma na nan a gefen filo. Bai saurare ni ba, ni kuma na ji nauyinsa na kwashe kayan, na ce wa Baba na'urar ta lalace. Ya dube ni kawai, bai sake tambaya ba. Wannan ce kaɗai nadamata a labarin nan, kuma har gobe tana cina.

Damina guda ta wuce a haka. Hannun ya sake naɗewa, Baba ya rage magana. Da muka koma asibiti likitan ya ce abin da aka yi asararsa da wuya ya dawo duka. Daga can shago na wuce, na ɗauko na'urar na kafa ta a falon baƙi, inda duk mai dubiya zai zauna. Yaya ya daina amsa gaisuwata, har yau sama-sama muke. Hannun Baba bai koma yana ɗiban tuwo ba, iyakarsa ludayi. Ranar da ya fara shan kunu da kansa rabi a riga ya zube, Hajiya ta zo za ta goge, ya hana ta.

Ban ce gem magani ba ne, na kuma ga yaran da ya shagaltar, ni kaina nakan kori wasu daga shago lokacin makaranta. Amma ba zan ba kowa haƙuri a kan abin da na yi ba. Ku masu jinya, in kun ga abin da ke tayar da marar lafiyarku kuma bai saɓa wa Allah ba, ku riƙe shi, kada ku sake shi don bakin mutane. Duk waɗanda muka ji kunyarsu har muka raba Baba da hannunsa, babu ko ɗaya da ya taɓa zuwa ya ba shi abinci a baki.