Gaisuwa a Tsakiyar Hawa

Likita ce ta fara kawo maganar keke. Wata takwas ke nan da ɓarin jikina na hagu ya shanye a wurin aiki, ina tsaye ina duba injin sanyi a wani sito da ke Dubai Investments Park. Allah ya taƙaita, hannu ya dawo da wuri, baki ya miƙe, ƙafar ce ta tsaya tana yi mini gardama. Sau biyu a mako nake zuwa gashin ƙashi, wata mata tana sa ni in ɗaga yatsu, in taka ƙwallo, in hau matakala uku in sauko, kamar yaron da ake koya wa tafiya. Na tsani wurin nan. Da likitar ta ce keke zai taimaka idan an haɗa shi da gashin, sai na riƙe rabin maganar na yar da rabi. Na sayi keke, na daina zuwa gashi, na gaya wa matata na warke.

Ba ta yi musu ba. Ta dai dube ni ta ce, "To, Abban yara, Allah ya sa." Shekara goma sha tara muna tare, na san abin da take nufi da irin wannan addu'ar.

Wanda ya ja ni cikin duwatsu abokina ne, wani Alhaji ɗan Fagge mai harkar takalma a kasuwar Naif, wanda ciwon suga ya mayar da shi ɗan tseren keke da furfurarsa. Shi ba ya hawa kwalta. A cewarsa kwalta ta masu zuwa ofis ce, burji shi ne hanya. Dariya ta kama ni da na ji haka, domin ni a kan burji na girma, a wani ƙauye gabas da Kano, ina tuƙa keken mahaifina zuwa makaranta, tsakuwa tana fasa mini taya, ina rantsuwa idan na girma na bar wannan wahala har abada. Ga ni a Dubai na sayi keke mai kaurin taya musamman don in je in nemi burji. Da na ba mahaifiyata labari a waya, sai da ta sa na maimaita don ƙanwata ta ji.

Ranar Asabar muke fita, a watannin da gari ke da sanyi. Mu yi asuba a unguwarmu Al Qusais, mu ɗaure kekuna a bayan motarsa, mu kama hanyar Hatta. Kafin rana ta yi ƙarfi mun bar yashi mun shiga duwatsu, baƙaƙe, tsirara, babu ko ciyawa a kansu. Daga inda muke ajiye mota hanyar tana bin busasshen kwari, ta ratsa gonakin dabino, ta wuce wani ƙaramin masallaci da awaki ke kwana a inuwarsa. Ba abin da kake ji sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya da numfashinka. Ina son wannan shirun ƙwarai. A nan kaɗai nake manta cewa ni mara lafiya ne.

Bayan masallacin ne gonar inabi take, an yanka jikin tudu hawa-hawa an dasa. Kafin nan ban taɓa ganin inabi a jikin uwarsa ba. Duk rayuwata na ɗauka bishiya ce kamar ɗinya, ashe yaɗo yake yi kamar duma, a kafa masa rumfar ƙarfe da waya ya bi. Hanyar tana hawa ta gefen shingen gonar, kuma a daidai ƙofa, a tsakiyar hawan, nan ne tudun ya fi miƙewa. A nan kuma mai gonar yake zama, wani tsohon Balarabe siriri, a kan kujerar roba, da almakashin yankan reshe a cinyarsa.

Ranar farko ban ma san na sauka ba. Na dai ga tsoho a bakin hanya, sai ƙafata ta sami ƙasa. A garinmu yaro ba ya wuce babba a kan keke. Saukowa kake yi tun daga ɗan nesa, ka turo keken, ka rusuna ka gaida shi, sai ka ba shi baya sannan ka hau. Na taɓa wuce wani kawun mahaifina ina ɗaga masa hannu daga kan sirdi, mako guda na yi ina zuwa makaranta a ƙasa. Don haka na yi wa tsohon sallama, na dafa ƙirji, ya amsa da fara'a, muka yi 'yar gaisuwa da guntun Larabcina. Sai dai wanda ya sauka a tsakiyar hawan burji ba ya sake hawa. Kana taka feda tayar baya za ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana watsa tsakuwa. Haka na tura keken har sama, inda na tarar da Alhaji yana shan ruwa.

"Injiniya, me ya faru? Cen ɗin keken ne ya zame?"

"Dattijo na gaisar."

"Gaisuwa? A nan? Habibi, ɗaga hannu ake yi, khalas, shi ke nan! Nan ba ƙauyenku ba ne."

Na ce masa su mutanen birni ai ba su san girma ba. Ya ce mutanen ƙauye kuma ba su san giya ba, ya kamata in sa ƙarama tun daga masallaci. Na ce ya rage murya, kada a ji Alhaji guda yana tallar giya a ƙofar gonar inabi.

Haka muka yi ta yi. Duk Asabar tsohon yana nan, duk Asabar ina sauka. Na ga rassan a bushe kamar kara, na ga an datse su, na ga ganye ya fito, har 'ya'yan suka fara ɗaurawa ƙanana kamar gero. Idan na koma gida matata ta tambayi ƙafa, sai in ce lafiya lau, ba don tsohon nan ba da tuni na haye tudun a kan keke. Na faɗa sau da yawa har na yarda. Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Tun daga masallaci nake fara leƙen farar rigarsa. Kafin in kai ƙofar gonar ƙafar hagu ta riga ta yi nauyi, tana zamewa daga feda, kuma duk sanda na hango shi zaune sai in ji wani sanyi a raina wanda ba na ladabi ba ne.

Wata Asabar tsohon ya tsayar da Alhaji a hanyarmu ta dawowa. Larabcin Alhaji na kasuwa ne, amma yana kai shi inda yake so. Ashe tsohon tambaya yake, me ke damun keken abokinka da kullum a nan yake lalacewa? Yana da kayan gyara a ɗaki idan muna so. Alhaji ya kwashe da dariya, ya bayyana masa al'adarmu. Tsohon ya dube ni, ya dafa ƙirjinsa ya yi wata doguwar magana. A mota na tambayi Alhaji me ya ce.

"Ya ce Allah ya yi wa wanda ya rene ka albarka. Kuma ya ce ba zai ƙara zama sanadin wahalarka ba."

Ban kawo komai a raina ba sai mako na gaba. Muka wuce masallaci, na ɗaga kai, babu kujera a ƙofar gonar. Na ƙara ɗaga kai, sai ga farar riga can a ƙarshen hawan. Tsohon da ya fi mahaifina shekaru ya ja kujerarsa har saman tudu, ya zauna yana jirana in gaishe shi a inda sauka ba za ta cuce ni ba. Haushi ya kama ni, na Alhaji da bakinsa, da na tsohon da kirkinsa.

Na sa ƙaramar giya, na sunkuya, na yi bisimilla. Na wuce ƙofar gonar a kan keke karo na farko. Na ƙirga taku goma bayanta, sha biyar, ƙafar dama tana aikin mutum biyu. A na sha tara ta hagun ta zame daga feda, na nemi ɗaga ta, ta ƙi. Keken ya karkata, na dafa shinge. Babu kowa a gabana da zan gaisar.

Na daɗe a tsaye a wurin. Iska tana kaɗa ganyen inabi, wata akuya tana kuka a ƙasan kwari. Ban ji zafi ba, kunya na ji, sannan baƙin ciki, har idona ya kawo ruwa. Daga baya na tura keken a hankali zuwa sama.

Tsohon ya miƙe ya karɓi sallamata da hannu biyu. "Shwaiya, shwaiya," in ji shi, wato a hankali, ya tura mini kujerarsa. Ban yi fulako ba, na zauna, shi yana tsaye.

Na dubi abokina da ke tsaye a gefe na ce, "Alhaji, ƙafar ce."

Yau ɗaya bai yi tsokana ba. Ya miƙo mini gorar ruwa ya ce, "Na sani, Injiniya. Kullum a bayanka nake tasowa daga masallaci, ina ganin yadda take yi."

A saman tudun waya tana samun sabis. Na kira matata, ta ɗauka da sauri, muryarta a tsorace, don ban saba kira daga duwatsu ba. Na ce mata lafiya, ba abin da ya faru. Na ce ta duba cikin durowa, katin wurin gashin nan yana ciki, ta kira su ta ji ko akwai gurbi ranar Litinin.

Sai ta ce, "Ba ya cikin durowa. Yana jakata tun ranar da ka ce ka warke."