Dodon da ba ya jin Turanci

Gwiwar Boukari ta tafi. Likita ya buɗe ta, ya duba, ya ce ba gyara. Ba kayan da yake lodi a sito kan titin Wendover na garin Greensboro ne suka cinye ta ba, wasan ranar Asabar ne.

Tun yana saurayi a Damagaram shi ke haska fim a silima. A can ya kamu da son dodannin Japan, masu fitowa daga teku su tattake gari. Mu muna ihu, shi yana kallon ƙafafu. "Mutum ne a ciki," yakan ce. "Wani bawan Allah ne ke shan zufa cikin roba, ko fuskarsa ba a nunawa."

Da muka taru a Greensboro, nan ƙasar masu Turanci, 'ya'yanmu suka yar da Hausa. Ka ce wa yaro zo nan, ya amsa maka da Turanci. An yi faɗa, an ja kunne, a banza. Boukari kuwa ya samo tsohon soson katifa da robar taya, ya ɗinka dodo har da wutsiya, ya shafe shi da koren fenti. Duk Asabar bayan la'asar sai ya jera kwalaye a filin ajiye motoci, ya ce ga gari nan. Ya shige cikin kayan, ya taho a hankali yana gurnani.

Dokarsa ɗaya ce, wannan dodo ba ya jin Turanci. Yara su yi ta ihu da harshen makaranta, shi yana ta rushe gidaje. Ranar farko saura gida guda Sakinatou, 'yar Tassiou direba, ta ƙwalla, "Kai mugu, faɗi!" Ya zube tim a kan kwalta. Asabar ta gaba kowane yaro ya zo da zagin da ya roƙa wurin uwarsa.

Limaminmu Alhaji Nouhou ya tare shi. "Boukari, da furfurarka? To ko katifa ka shimfiɗa mana."

"Alhaji, ka taɓa ganin dodo ya mutu a kan katifa? Yaran nan ba sakarkaru ba ne."

Haka ya yi ta faɗuwa tun 2002, zafi da sanyi, har bara. Yau Sakinatou kan ɗauki waya ta yi hira da kakarta ta Maraɗi, har ta tsokane ta.

Kai ne dodo mai tsoron yara, Boukari. Kai ne ka zube ƙasa bakin 'ya'yanmu ya buɗe. Mun gode, Allah ya saka maka. Ku kuma masu ƙorafin yara sun ɓace, surutu ya isa, kowa ya tashi ya yi wani abu.

In kun zo Juma'a, ku duba ƙarshen sahu. Yana nan kan kujerar roba. Goshinsa ba zai ƙara taɓa ƙasa ba.