Koktel Ɗin da Ya Kusa Mayar da Ni Kano

Wauta ɗaya na tafka a duk wannan tafiyar, kuma da babban yatsana na tafka ta. Na je hutu Dubai wajen wana, Yaya Nura, sai abokan aikinsa suka yi hayar ƙaramin jirgin ruwa don yawon safe, aka ce ni zan kula da abin sha. Don in ƙular da ƙannena da ke Kano, na rubuta a guruf ɗin gidanmu: "Gobe ni ne mai haɗa koktel a tsakiyar teku." A allon wani shago na ga kalmar, ta yi mini kyau, na ɗauka haɗin lemo kawai take nufi.

Goggo Rabi, da ke cikin guruf ɗin, ta tambayi jikanta ma'anarta, ya ce mata giyar masu kuɗi ce. Kafin magariba Baba ya kira. Bai ɗaga murya ba, wanda shi ne abin tsoron. Ya ce amininsa Alhaji Sabo, mai harkar jigilar kaya a can Dubai, zai bi mu jirgin ya duba da idonsa. "In ya ga abin da bai gamsu da shi ba, jirgin saman jibi za ka biyo gida." Alhali saura mini sati uku. Yaya ya ce in goge saƙon in ba da haƙuri. Na ce ba zan goge ba. Zobo ne fa. Wanda ya goge ai ya amsa laifi ke nan.

Al Nahda

Muna idar da sallar asuba muka sauko da kaya daga gidan Yaya da ke wannan unguwa. Jarkoki uku na haɗa, kowacce da sunanta. Jan Kati: zobo da abarba da kanumfari. Wartsake: tsamiya da citta mai yawa da zuma. Ango: kunun aya da dabino da kwakwa, fari tas. Kularmu jarka biyu kawai take ɗauka. Anti Maryam, matar Yaya, ta ce kunun aya ba ya shiri da zafi, shi zan saka ciki. Na ce mata na san aikina, na jefa Ango a but ɗin mota.

Al Karama

A wannan unguwar muka tsaya ɗaukar Alhaji Sabo, na sayi ƙanƙara da na'ana'a da lemun tsami a wani shago da ba ya rufewa. Alhaji ya fito cikin farar shadda mai sitati, kamar za shi ɗaurin aure. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne Mubarak mai koktel?" Na ce ni ne, Baba Alhaji.

Ya ce ba ya shiga ruwa da yunwa. Muka zauna muna kallonsa ya ci paratha, gurasar Indiyawa mai maiƙo, da ƙwai, ya kora da karak, shayin madara mai kauri, kofi biyu, ya amsa wayar wani kwantena da ya maƙale. Kafin ya gama rana ta fito, irin ranar Dubai da in ka ajiye silifas a titi za ka dawo ka tarar da miya. Ango na but yana shan zafi.

Marina

A ƙofar shiga Marina, tashar jiragen ruwan, mai gadi ya buɗe kula, ya ga jan abu a jarka babu takarda, ya tsaya. Alhaji ya matso kusa, har da gyara tabarau. Mai gadin ya tambaye ni da Turanci mene ne wannan, habibi, wato abokina. Na ce karkade ne, sunan da Larabawa ke kiran zobo ke nan. Ashe mutumin Sudan ne. Ya zuba a murfi ya kurɓa, ya ce na mahaifiyarsa ya fi daɗi, sukari ya yi kaɗan. Na ce ya kawo nata mu gwada. Ya yi dariya ya ce yalla, wato mu wuce. Ci ɗaya da nema.

Teku

Mu tara ne da direban jirgin. Da muka bar tsakanin dogayen benayen nan muka fita fili, na kafa teburina. Jan Kati da ƙanƙara, a matse lemun tsami, a murje na'ana'a a tafin hannu a jefa, a ƙara ruwan soda kaɗan. Abokan Yaya suka yi layi kamar ana rabon zakka. Alhaji ya ƙi karɓa. Ya nuna jarka ta uku ya ce ita yake son gani.

Ango ya kumbura, ya yi tumbi kamar ɗan kasuwar da ya yi riba. Na murɗa murfin a hankali. Bam! Na rantse sai da tsuntsayen Sharja, garin da ke maƙwabtaka da Dubai, suka tashi. Kumfa ta yi sama ta sauko a gaban farar shaddar, wani tsami ya cika jirgin. Yaya ya dafe kai.

Alhaji ya shinshina hannun rigarsa ya ce, "To. Abin da ake faɗa ke nan." Ya zaro waya zai kira Baba.

Na ga filin jirgin Kano a idona, amma bakina bai tsaya shawara da ni ba. Na ce, "Baba Alhaji, in kunu ya yi tsami a Kurna ta Kano cewa ake ya lalace. Don ya zo Dubai shi ne zai zama giya? Ba ni na lalata shi ba, karak ɗinku ne." Yaya ya taka mini ƙafa. Na ƙara da cewa a kira Anti Maryam, a gabanta na tace shi, kuma ba wanda na ba ko cokali.

Alhaji bai samu damar ba ni amsa ba, don daidai nan wani babban jirgi ya wuce, igiyar ruwansa ta ɗaga mu ta sauke. Parathar da Alhaji ya ci ta fara neman hanyar fitowa. Ya ajiye wayar ya kama ƙarfe da hannu biyu, fuskarsa ta koma kalar toka. Direba ya ce ya kalli nesa, kada ya kalli ƙasa. Ni kuwa na zuba Wartsake, na matse lemun tsami biyu, na miƙa masa. Ya harare ni, ya harari kofin, ya karɓa. Ya kurɓa, cittar ta kama shi, ya yi gyatsa mai ƙarfi. Jim kaɗan ya saki ƙarfen da hannu ɗaya, ya miƙo kofin.

Na danna naɗar murya a wayata na ce, "Me zan ƙaro, Baba Alhaji?"

"Koktel ɗin nan naka dai, ɗan nema. Cika shi."

Kafin mu juyo na tura muryar tasa guruf ɗin gida.

Komawa

Mun isa Al Nahda kafin azahar, mota na warin Ango. A hanya Alhaji ya kira Baba ya ce babu haram a kayan yaron, bakinsa ne dai ya fi ƙarfinsa. Godiya ga Allah da ya dawo da mu lafiya, da Anti Maryam da ba ta ce ai na faɗa maka ba sai sau huɗu, da Alhaji da ya yafe kuɗin wankin shadda.

Hukuncin Baba ya zo da la'asar: hutu yana nan, waya kuma ta shiga durowar Yaya sai ranar tafiya. Na cika sati ukuna a Dubai ba hoto ko ɗaya. Na dawo Kano, har yau Goggo Rabi ba ta karɓar ko ruwa daga hannuna.