Abin da Dabo Ya Hango a Kan Soro

Duk wanda ya san Dabo ɗan Malam Yahya, a ƙauyen nan na gabas da Kunci, ya san shi da abu biyu: noma da zargi. Noman dai gado ya yi. Zargin ne ba a san inda ya samo shi ba, don mahaifinsa mutum ne da ko akuya ta ci masa shuka sai ya ce yunwa ce ta kai ta. Shi kuwa Dabo tun yana yaro in ya ajiye rake ya zagaya, sai ya dawo ya ƙirga gaɓoɓin. Ya girma ya karɓi gonar bayan gida, yana gero da dawa da wake da damina, da rani ya bi motar hatsi zuwa Dawanau. A can ma ba ya yarda da mudun kowa sai ya ƙwanƙwasa gindinsa ya ji.

Shekara uku ke nan da ya auri Aina'u, auren so, ba wanda ya tilasta wa wani. Mace ce mai baki, ta yi sakandare a Kunci. Farkon auren, in ya dawo daga gona sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ta yi ta zuba masa labari har tuwo ya huce. Shi ne da hannunsa ya sayo mata babbar waya da ya sayar da wake, don kada a ce matar Dabo ce kaɗai ba ta da ita. Tasa kuwa tun tuni yana da ita. Da ya cinye tuwo sai ya suri hula ya nufi majalisar bakin titi, inda sabis yake kamawa, ya duƙufa kallon dambe da ƙwallo. Wannan bai taɓa sa shi a lissafi ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Da kakar bana ya fara lura. Labarin Aina'u ya ƙare. Miya ta fara zuwa ba gishiri, wata rana kuma gishirin biyu. Ta sa wa wayar makulli wanda sai da yatsanta yake buɗewa. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne soro. Kullum da ta idar da azahar sai ta jingina tsani ta hau kan soron ɗakinsu, wai juya shanyar kuɓewa. Dabo manomi ne, ya san kwana nawa kuɓewa take yi ta bushe. Wannan ta yi mako uku tana shan rana har ta koma kamar itace.

"Aina'u, me kike yi a sama haka?" ya tambaye ta wata rana.

"Sabis nake nema, Malam. A ƙasa ba ya kamawa."

Gaskiya ta faɗa, shi ma ya san gidan a kwari yake. Amma amsar ta zo da sauri, kuma shi Dabo ba ya yarda da amsar da ta zo da sauri.

Yana girbin wake a gonar bayan gida ya ɗaga kai ya hango ta a zaune a sama. Sai kuma ya hango wani kan a soron da ke maƙwabtaka. Badaru ne, tela, saurayi mai son turare. A garin nan, namiji in zai hau soro ko bishiya, sai ya yi gyaran murya ya ɗaga sauti ya ce, "Gafara dai, za a hau sama!" don matan gidaje su suturta kansu. Ko mai yaɓe da ya zo daga wani gari ya san wannan. To, Badaru ya hau shiru. Washegari ma ya hau shiru, a daidai lokacin. Dabo ya kasa kunne kwana biyar, ko tari bai ji ba.

Ya tare shi a ƙofar masallaci. "Badaru, na ga kana yawan hawa sama, ban kuma ji gafararka ba."

Badaru ya sosa ƙeya. "Wallahi Yaya Dabo sabis nake nema. Sau nawa mutum zai yi ta shela a wuni? Har yara sun fara kwaikwayona."

Sabis. Bakinsu ɗaya ke nan, in ji zuciyar Dabo. Daga ranar abinci ya daina masa daɗi. In Aina'u ta yi murmushi ita kaɗai, ya ce da wa take. In ta yi shiru, ya ce tunanin wa take. Yana sonta, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Amma ya yi wa kansa alkawari, ranar da idonsa ya gane masa, a ranar za ta koma gidan ubanta.

Ran Alhamis ya ce mata Dawanau za shi, sai magariba. Ya fita da jaka, ya zagaya ya shige cikin dawa ya tsugunna, ƙaiƙayi yana cinsa. Da azahar ta wuce sai ga kan Aina'u ya bayyana. Ba a jima ba na Badaru ya biyo. Dabo ya lallaɓa ya shiga gidansa kamar ɓarawo, ya tuɓe takalmi, ya kama tsani. Shi ma bai ce gafara ba.

Da ya leƙa, sai ya tsaya a matakin ƙarshe yana kallo. Aina'u ta ba gidan su Badaru baya, ta lulluɓe kai da mayafi saboda rana, fuskarta a cikin waya. Can a nasa soron Badaru ya juya wa duniya ƙeya, ya toshe kunnuwa da abin sauraren waya, yana naushin iska, da gani dambe yake kallo. Dabo ya jira a ɗaga hannu, ko a waiwaya, ko a yi wata alama. Har ƙafarsa ta yi tsami ba wanda ya kalli wani.

Ya ƙarasa hawa ya zauna kusa da ita, kusan kafaɗa da kafaɗa. Ba ta motsa ba. Ya leƙa wayar. Wasu miji da mata ne a wani falo mai tayil, suna cin abinci a faranti ɗaya, matar tana ba da labari, mijin yana dariya har da riƙe ciki. Bidiyon ya ƙare, ta shafa, wani irinsa ya fito. Ta sake shafawa.

"Aina'u."

"Ina zuwa," ta ce, ba ta ɗago ba. Sai muryar ta isa kunnenta, ta zabura. Ta dube shi, ta dubi ƙafarsa ba takalmi, ta dubi furen dawa a hularsa. Sannan ta waiwaya ta ga Badaru, ta daɗe tana kallon soron nan kamar yau aka gina shi. Ba sai an yi mata bayani ba.

"Dawanau ɗin ke nan, Malam?"

Kunya ta kama Dabo, ya nemi abin kare kai. "Ke ma ai kin canza. Rabonki da yi min hira har na manta."

"Wa zan yi wa? Tabarma?" Idonta ya ciko, amma muryarta ba ta rawa. "Kana ajiye cokali kake surar hula. Na yi ta magana da ƙeyarka har na gaji. Rabon da ka zauna kusa da ni haka tun ƙaramar salla." Ta kife wayar a cinyarta. "Yau ɗin ma da ba kama ni ka zo yi ba, da ba ka hau ba."

A ƙasa ladan ya fara kiran la'asar. Dabo ya sunkuyar da kai, ya ɗauki busasshiyar kuɓewa ɗaya yana murzawa, bai tashi ba.